Malama Namarome da Ƙofar Ƙarfe

Duk wanda ya yi aji ɗaya a firamaren ƙauyenmu cikin shekara talatin da takwas ɗin nan, ya san muryar Malama Perpetua Namarome, ya kuma san ba a yi mata wargi. 'Yar gajera ce, kullum ƙafarta cikin takalmin roba saboda jan taɓon nan namu, amma in ta ɗaga murya a bakin aji, masu saran rake a tsallaken hanya sai sun ɗago kai. Yara kam ba ta dukansu, wannan a faɗi gaskiya. Manya take wa faɗa. Uban da ya turo ɗa babu fensir, uwar da ta tsare 'yarta a gida don ranar kasuwa ce, malamin da ya bar aji ya tafi shan shayi, duk ta sha wanke su tas a gaban jama'a, ta juya ta koma aji kamar ba ita ba.

Kayan aikinta duka a buhu ɗaya suke: marafan kwalba, ƙwayar wake, tsinken tsintsiya. Da su ta koya wa rabin ƙauyen nan ƙirga. Yaran ajinta ba su taɓa kasa sittin ba, wani lokacin huɗu a benci ɗaya, sauran a ƙasa. Abin da ya fi ci mata rai tun tana budurwa shi ne 'yan bayan aji, yaran nan masu nauyin kai da ke bukatar a tsaya a jira su. Ina za ta jira mutum ɗaya alhali sittin na ihu? Haka take wuce su kowace shekara, ranta na suya.

Mijinta Situma direban tarakta ne mai jan rake, mutum mai sanyi, in ka ji maganarsa sau uku a yini to ranar ya yi surutu. A falonsu akwai kabad mai gilashi, a ciki kofunan tangaran goma sha biyu masu bakin zinare, waɗanda 'yan'uwanta suka ba ta ranar aure. Na baƙi ne, kamar na kowane gida a nan. 'Ya'yanta sun tashi sun san ko yatsa suka ɗora a gilashin nan sai sun ji a jikinsu. Wata rana Situma ya tashi daga zazzaɓi, bakinsa ba daɗi, ya ce, “Maman Wekesa, yau dai a zuba min shayin a wancan mai zinaren mana, in ji ko zai fi shiga.”

Ta ce, “Kai wane baƙo ne? Daga ina aka zo? Ga kofinka nan na silba.”

Ya yi 'yar dariyarsa ya karɓi na silban, bai sake tambaya ba.

Tana da shekara hamsin da uku wata ƙungiya ta ba makarantar kwamfutocin hannu guda arba'in, irin masu faɗi ɗin nan da ake shafawa da yatsa. Aka ce malamar aji ɗaya ta je garin Bungoma horo na kwana uku. Ta tafi tana mita tun daga kan acaba, wai ita da tsufanta za a mayar da ita 'yar wasa. Rana ta biyu, sai da mai horarwa ya zo ya tsaya a kanta ya ce, “Mama, an fa tashi cin abinci.” Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Tare da kwamfutocin akwai wani ɗan akwati baƙi, bai fi kwanon sha girma ba, an zuba shafukan intanet na yara a cikinsa, yadda ko babu sabis kwamfutocin za su jawo daga gare shi. Akwai shafin waƙoƙi, akwai na kaza mai ƙirga ƙwai, akwai na malamai, har da na iyaye. Amma wanda ya kama ta shi ne na hawainiya. Harafi zai faɗo daga sama, hawainiya ta faɗi sunan wanda take so, yaro ya jawo shi da yatsa ya kai bakinta. In daidai ne, ta sake launi ta yi rawa. In kuskure ne, sai ta juya ido kawai ta jira. Namarome ta yi kuskure da gangan sau ashirin a jere don ta ga ƙarshen haƙurin dabbar. Ba ta yi tsawa ba, ba ta wuce wajen wani yaron ba, jira kawai take yi. Malama ta ajiye kwamfutar a hankali, domin ta ga abin da ita ta kasa ba 'yan bayan ajinta shekara talatin da ɗaya.

Ta dawo gida da zafinta. Da aka ce sai an gina ɗaki mai ƙarfi kafin kayan su iso, ita ce ta bi gida-gida. Iyaye suka buga bulo, mata suka ɗebo yashi daga rafi, ita ma ta ɗauki nata a kwando. Aka sa ƙofar ƙarfe, aka jawo wuta, aka rataya kwaɗo biyu. Makullan kuwa suka shiga aljihun hedimasta.

To, hedimastan nan, Wabwoba, ɗalibinta ne. A ajinta ya fara, da gajeren wando mai igiya, yana kuka duk safiya. Shi ya sa har ya girma ya zama shugabanta bai daina ce mata Mayi ba, wato uwa. Ba ɓarawo ba ne, kada wani ya ce na ce. Ko alli bai taɓa kaiwa gida ba. Matsalarsa ɗaya, tsoron a ce abu ya lalace a hannunsa.

Ranar miƙa kaya an yi shagali. Kaji goma sha biyu suka tafi, aka tuƙa ugali, tuwon masararmu, tukunya-tukunya, aka ware ƙundun kajin aka ajiye gaban manyan baƙi kamar yadda aka saba. Yara suka yi waƙa. Sannan aka zaunar da 'yan aji ɗaya a inuwa, aka ba kowa kwamfuta. A cikinsu akwai Nanyama, yarinya shiru-shiru, 'yar can ƙarshen benci, wadda zango biyu ba ta riƙe harafi ko ɗaya ba. Namarome ta tsuguna kusa da ita ta buɗe mata hawainiya. Yarinya ta yi kuskure, ta sake, ta sake, tana satar kallon malama ko za a yi mata faɗa. A na biyar ta dace. Hawainiya ta rikiɗe ja ta kama rawa, Nanyama ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar da ba wanda ya taɓa jin tana da ita. Mai ɗaukar hoto ya ɗauka. Kafin minti goma ta ci haruffa uku.

Shugaban baƙin ya yi jawabi ya ce za su dawo su ga yadda ake. Motarsu ba ta gama fita daga ƙofar makaranta ba Wabwoba ya tafa hannu. “To, a tattaro, a tattaro! A hankali! Kai, hannu biyu!” Nanyama ta ƙanƙame tata. Da kansa ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya goge gilashin da hankicinsa, ya mayar cikin leda, leda cikin kwali, kwali cikin ɗaki. Kwaɗo biyu suka ce ƙaras.

Washegari da safe Namarome ta je karɓar makulli.

Ya ce, “Mayi, a ɗan bari ƙura ta lafa.”

Ƙura ta lafa, ruwa ya sauka, ya ce danshi zai shiga. Ruwa ya ɗauke, ya ce jarrabawa ta matso. Aka gama jarrabawa, ya ce ai hutu ya zo, a bari sai sabon zango. Sabon zango ya ce yara sun yi yawa, arba'in ba za su ishi sittin da huɗu ba, za su yi kokawa su fasa.

“Su zauna bibbiyu mana!”

“Mayi, ba ki ga hannayensu ba? Duk man mandazi ne, fanken nan da suke ci.”

To shi ke nan. Ranar Litinin ta zo da sabulu da bokiti biyu da reza. Ta yanke wa yara sittin da huɗu farce, ta wanke musu hannu har gwiwa, ta jera su a gaban ofis, kowa ya miƙa tafukansa sama. Ta buga ƙofa.

“Hedimasta, fito ka duba! In ka ga maiƙo a hannu ɗaya, ni zan lashe shi!”

Ya fito ya yi tsuru-tsuru, ya dubi yara, ya dubi malamai da suka leƙo ta taga. Ya sassauta murya. “Mayi, don Allah ki gane. Ni na sa hannu na karɓa. Mutanen nan sun ce za su dawo. Su zo su tarar da kayansu a fashe, in kalle su da wane ido? Su ce mutanen ƙauye ba su san darajar kyauta ba?”

“Kayansu? Ba mu suka bai wa ba? Wabwoba, ni na share maka majina da gefen zanena, yau ni kake wa bayanin darajar kyauta? Yashin ɗakin nan a kaina ya zo!”

“Na sani, Mayi.”

“Ka sani! To buɗe!”

Bai buɗe ba. Ya koma ofis ya turo ƙofa a hankali, irin na mai ladabi. Wannan ladabin nasa shi ya fi ƙona mata rai, domin da zagi ya yi da ta san yadda za ta yi da shi.

Ta kai ƙara wajen kwamitin iyaye. Nan kuma ta sha mamaki. Dattawan da suka buga bulo da hannunsu suka gyaɗa kai suka ce hedimasta ya yi tunani. Wani tsoho ya ce, “Malama, abu mai tsada haka a ba ɗan shekara shida? Ke a gidanki kina ba jikokinki kayan kabad?” Aka yi dariya. Ta ce wannan daban wancan daban, ta tashi ta fita tana huci.

Da ta ga ba ci, sai ta samo kwalin sabulu ta zana hawainiya, ta yanke baki, ta yi mata launuka uku da take sauyawa da hannu. Haruffa kuwa a marafan kwalba. Yara sun so abin, ba laifi. Amma hawainiyar kwali hannun Namarome gare ta, kuma hannun nan ɗaya ne, yara sittin. In ta tsaya jiran 'yar ƙarshen benci, aji ya kaure. Nanyama ta maimaita aji ɗaya, aka tura ta gaba don girma, ta yi ta jan ƙafa har ta bar firamare ba ta gama ba, tana haɗa baƙi da ƙyar. Yanzu tana kasuwa tana taya uwarta sayar da ganye. In Malama ta zo wucewa takan sunkuyar da kai ta gaishe ta, Malama kuwa ta amsa da sauri ta wuce, don ba ta iya kallon yarinyar.

A shekara ta biyar Situma ya rasu, ciwon kwana huɗu. Ranar jana'iza an fito da kofuna biyu daga kabad, ɗaya na limamin coci, ɗaya na manajan da ya zo daga kamfanin rake. Aka wanke aka mayar. Bayan makoki ta koma aji, faɗanta ya ƙaru.

Ɗanta Wekesa ya aiko mata da waya mai shafawa daga Nairobi don ta rage kaɗaici. Sabis a makarantarmu sai a gindin sandar tuta. Nan ta tsaya wata rana lokacin tara ta nemo shafin ƙungiyar, tana so ta ga ko za ta sami hawainiya ta nuna wa yara ko da a waya ɗaya ne. Shafi ya buɗe. Ga Nanyama, 'yar shekara shida, da giɓinta, tana dariya, kwamfuta a hannu. A ƙasa an rubuta cewa yaran karkara sun kama hanyar karatu.

Malaman da ke wurin sun ce ba su taɓa ganin tsohuwa ta yi gudu haka ba. Ta banka ƙofar ofis ta dangwara masa wayar a kan rajista.

“Duba! Duba da kyau! Ka gane ta?”

“Ai Nanyama ce.”

“Minti goma! Minti goma ta riƙe abin nan a duk rayuwarta, kuma duniya na kallonta tana dariya shekara biyar! Je ka kasuwa ka ce ta karanta maka abin da aka rubuta a ƙarƙashin fuskarta! Je ka mana!”

Ya ce, “Mayi, ki yi haƙuri. Kayan na nan lafiya. Duk ƙarshen zango ina shiga in duba, ko leda ɗaya ba ta yage ba.”

Ta ce, “Allah ya shirye ka,” ta ɗauki wayarta.

Haka aka kai shekara ta bakwai, shekarar ritayarta. Watan Nuwamba za ta ajiye alli. Abu ɗaya ya rage mata a duniyar aiki: ta ga ajinta na ƙarshe ya ciyar da hawainiyar nan ta gaske, ko da sau ɗaya ne, kafin ta tafi. Ta faɗa a taron safe, ta faɗa a coci, ta faɗa wa matar Wabwoba a wajen niƙa. Mutane suka fara kauce mata a hanya.

Saura sati uku a rufe makaranta sai ga wasiƙa. Baƙi za su dawo, nan da kwana goma. Wabwoba da kansa ya zo bakin ajinta, gumi a goshi, makullai biyu a tafin hannu.

“Mayi, ga su. A ɗan nuna wa yara yadda ake riƙewa, kada mu ji kunya.”

Bakinta cike yake da magana, amma ta haɗiye. Kwana goma ma wani abu ne. Ta fizge makullan. Kwaɗo ɗaya ya yi tsatsa sai da aka ɗiga masa man girki. Suka shiga. Kwalaye a jere, tsaf, an lulluɓe su da zanen teburi mai ado. Ta zaro ta farko daga leda, sabuwa fil, har ƙamshin kanti take yi. Ta danna. Shiru. Ta danna ta riƙe. Shiru.

Wabwoba ya ce, “Caji ne. Ai sun daɗe.”

Suka jona duka arba'in tun hantsi har aka tashi. Ko ɗaya ba ta yi ƙyaftawar ido ba. Da ta ɗaga wata ta duba ta gefe, sai ta ga bayanta ya kumbura kamar mandazi a cikin mai. Ta duba ta biyu, haka. Ta uku har ta ɗan buɗe baki.

Aka ɗauko Otuoma mai gyaran waya daga kasuwa a kan acaba. Ya buɗe ɗaya, ya buɗe biyu, ya yi fito.

“Yaushe rabon da a kunna su?”

Wabwoba ya ce, “Ba a taɓa wahalar da su ba. Tun ranar da aka kawo.”

“Hedimasta, ka yi min rai! Shekara bakwai? Batir fa kamar jaki yake, sai ya ci ya yi aiki, ya ci ya yi aiki. Ka ɗaure shi a ɗaki ba ci ba aiki, me kake jiran ka tarar? Waɗannan sun mutu tun ina da gashi. Irin batir ɗinsu ma an daina yi. Wasu ruwan ya zubo ya cinye cikin.”

“Duka?”

“In ka sami mai rai a ciki, ni zan auri Malama.”

Ba wanda ya yi dariya. Namarome ta zauna a kan kwali. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata Wabwoba ke nan. Da Otuoma ya tafi, ya matso yana murza hannu.

“Mayi, ina da shawara. Ranar, yara su riƙe su kawai, su juya gilashin wajensu, su yi waƙa. Daga nesa ba mai ganewa. Baƙi ba sa daɗewa, da sun ci kaza...”

“Wabwoba.”

“Na'am, Mayi.”

“Fita. Fita kafin in manta kai hedimasta ne.”

Ranar ta zo. Kaji suka sake tafiya, aka tuƙa ugali, aka jera kujeru a inuwa. Baƙin uku ne kawai, shugabarsu wata matashiya ce mai suna Makena, da takalmin yawo da jaka a baya. Wabwoba ya yi jawabin maraba mai tsawo. Da aka ce aji ɗaya su fito, sai ga su a layi, Malama a gaba, kowane yaro na farko-farko ɗauke da kwamfuta hannu biyu. Wabwoba ya sauke ajiyar zuciya. Amma ba su zauna ba. Suka wuce kai tsaye zuwa teburin baƙi, suka jibge su ɗaya kan ɗaya kusa da kwanon ƙundu, har arba'in.

Namarome ta ce, “'Yata, ga kayanku. Kamar yadda kuka kawo. Ba ƙwarzane ko ɗaya, ki duba. Sai dai duk matattu ne. Yaron da ya taɓa su a makarantar nan ya taɓa su ne ranar da kuka ɗauki hoto.”

Makena ta ɗauki ɗaya ta juya, ta shafa kumburin da yatsa. Ta dubi abokan tafiyarta.

“Mama, ba a taɓa amfani da su ba? Ko sau ɗaya?”

Wabwoba ya miƙe. “Mun adana muku su ne. Kun ce za ku dawo. Ba mu so ku tarar...”

“Malam, mu fa fasassu muka zo gani.” Ta nuna motarsu. “Ga sababbi can a baya. Duk makarantar da muka tarar yara sun cinye nasu, gilashi ya tsage, maɓalli ya goge, sai mu karɓi tsofaffin mu ba su sababbi. Jiya mun je wata, guda tara suka rage masu aiki, an ɗaure su da roba, yara na layi a kansu. Mun sauke musu arba'in. Akwatin nan baƙi yana rubuta duk awar da aka yi ana wasa, da shi muke komawa mu nuna. Naku me zai nuna?”

Namarome ta ce, “Minti goma.”

Ta matso, ta rage murya, abin da ba a taɓa ji ta yi ba. “'Yata, sati biyu suka rage min. Ki bar min ko biyar. Ko ɗaya. Ni zan riƙe makulli, ni zan ba su da hannuna, su fasa in sun ga dama.”

Idon Makena ya kawo ruwa. “Mama, da nawa ne da na ba ki duka. Kowacce da sunan makarantar da za ta. Yara na can suna jira, su ma an yi musu alkawari. Zan rubuta, zan faɗi abin da na gani, watakila baɗi.” Ta ajiye kwamfutar a kan tebur. “Ni ma uwata na da kabad a garinmu Meru. Na girma ban san nauyin farantan cikinsa ba.”

Ba su ci kazar ba. Motar ta fita da sababbin kwamfutoci a baya, yara na ɗaga mata hannu don haka aka koya musu. Wabwoba ya tsaya a tsakiyar fili da takardar jawabinsa, yana ta cewa, “Amma ko ƙwarzane babu,” ba wanda yake saurarensa.

Kowa ya zaci ranar Namarome za ta tashi makarantar da faɗa. Ba haka aka yi ba. Ta ɗauki buhunta ta kama hanya, ruwan la'asar ya sauko ya dake ta har gida. Ta shiga falo da taɓo a ƙafa, ta tsaya tana ɗiga, tana zagin Wabwoba a ranta, shi da kwaɗonsa da hankicinsa da zanen teburinsa mai ado. Sai idonta ya sauka a kan kabad. A kansa akwai zane mai ado, irin wancan sak. A ciki kofuna goma sha biyu, tsaf, ba ƙwarzane ko ɗaya. A kan ƙusa kuma, gefen ƙofar kicin, kofin silba na Situma na rataye, duk ya lotsa, bakinsa ya yi baƙi.

Maƙwabciyarta ta ce ta ji ihu ɗaya, ta sheƙo a guje ta tarar da ita zaune a ƙasa, kofin silba a cinya, tana cewa, “Mutumin nan shayi kawai ya roƙa. Shayi kawai! Na ce masa wane baƙo ne shi.”

Ranar rufe makaranta ta zo a kan acaba da kwando a cinya da babbar tukunyar shayi mai madara a baya. Ta shimfiɗa buhu a bakin aji ta jera kofunan nan goma sha biyu. Yara suka ja da baya, domin kowannensu ya san irin kofunan, akwai su a gidansu, ya kuma san abin da ke biyo bayan taɓa su.

“Me kuke kallo? Ku yi layi! 'Yan ƙarshen benci su fara!”

Suka sha goma sha biyu-goma sha biyu, tana ɗaurayewa tana sake zubawa. Ta aika kasuwa aka kira Nanyama, ta zo da zanen aikinta tana rarraba ido, aka miƙa mata nata. A zagaye na uku wata 'yar mitsitsiya ta ji zafi ta saki. Kofi ya daki dutse ya tarwatse. Yara sittin suka ɗauke numfashi, yarinyar ta kare kanta da hannu biyu.

Namarome ta dubi fasassun. Ta sa ƙafa ta ture su gefe. “Sauke hannunki. Wa ya ce za a taɓa ki? Ba ki sha ba ai, karɓi wani.”

Wabwoba na tsaye a bakin ofis tun ɗazu, ya kasa matsowa ya kasa komawa ciki. Ta hango shi.

“Kai kuma da ka tsaya kamar sandar tuta, zo nan!”

Ya zo. Ta cika kofi ta miƙa masa. Ya karɓa hannu biyu yana kallon bakin zinaren.

“Mayi, ai wannan na baƙi ne.”

“Sha, don Allah, ka ba ni kofi. Yara na jira.”